Hannun da Ya Ƙwace, Shi Ake Nema Ya Mayar

 

An nemi in yi magana a kan koyar da al'adun 'yan asalin ƙasa a makarantun sakandare. Zan ɗauke ku zuwa nesa, can yammacin Kanada, lardin Birtish Kolombiya da ke bakin tekun Fasifik, domin a can an kama wannan batu da hannu biyu. An yi jayayya a kansa, an shiga kotu, an sha kuka, har aka kai ga cewa yaro ba zai karɓi takardar kammala sakandare ba sai ya zauna ya karanta shi. Sai can ƙarshe zan dawo da ku gida.

A shekarar 1973 wata yarinya 'yar shekara shida, Phyllis Webstad, ta ƙabilar Secwepemc, tana shirin shiga makaranta. Kakarta ce ke riƙon ta, kuma ba su da wani abin hannu, amma tsohuwar ta daure ta kai ta kanti ta ce ta zaɓi rigar da take so. Ta zaɓi wata mai ruwan goro, mai sheƙi. Kowa a nan ya san murnar yaro da sabuwar rigar ranar farko. Da ta isa makarantar kwana ta mishan ta St. Joseph, kusa da garin Williams Lake, sai aka tuɓe mata kaya duka, har da rigar, kuma ba ta sake ganinta ba. Shekara arba'in bayan haka, a 2013, ta tsaya gaban jama'a ta ba da labarin. Yau duk ranar 30 ga Satumba yaran makaranta a faɗin Kanada suna sa riga mai ruwan goro, kuma tun 2021 ranar ta zama ranar hutu ta gwamnatin tarayya.

Makarantar da aka kai Phyllis ɗaya ce daga cikin fiye da 130 irinta. Gwamnati ke ba da kuɗi, coci-coci ke gudanarwa. Kimanin yara 150,000 ne suka bi ta cikinsu, kuma daga 1920 doka ta tilasta wa iyaye su miƙa 'ya'yansu. Ba a ɓoye manufar ba: a raba yaro da gidansu, a aske masa kai, a sauya masa suna ko a kira shi da lamba, a doke shi idan ya yi yaren uwarsa, har ya tashi bai san kansa ba. Tun 1907 wani likitan gwamnati, Peter Bryce, ya zagaya makarantun ya rubuta cewa a waɗanda ya samu bayanansu kusan ɗaya cikin huɗu na yaran sun mutu, akasari da tarin fuka. Aka danne rahoton, har sai da ya buga bayanin da kansa a 1922. Makaranta ta ƙarshe da gwamnatin tarayya ke riƙe da ita ba a rufe ta ba sai 1996. Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a waɗannan ɗakunan kwana suna raye, jikokinsu ne ke sakandare yanzu.

Na fara da wannan ne domin ku ga nauyin abin da ake nema. Aji da allo da malami da ƙararrawa su ne makamin da aka yi ƙwacen da shi. Yanzu kuma an juyo an ce wa makaranta ta mayar da abin da ta ƙwace. Ku yi tunanin tsohon da aka fasa wa baki saboda ya yi yarensu a aji, yau shugaban makaranta ya aiko masa da takarda yana roƙon ya zo ya koyar da yaren. Dole ya tambaya: a kan wane sharaɗi?

Kafin in zo ga sharaɗin, bari in nuna muku al'ada guda ɗaya daga kusa, domin kalmar al'ada ta yi faɗi, kowa yakan zuba mata abin da ya ga dama.

Mutanen gaɓar tekun nan suna da wani taro da ake kira potlatch. Babban gida ke kiransa idan za a raɗa suna, ko a ɗaura aure, ko a yi makokin shugaba a tsayar da magajinsa. Mai gida yakan yi shekaru yana tara dukiya, ranar taro kuma ya rabar da ita ga baƙi: barguna, kwale-kwale, buhunan fulawa, abin da Allah ya hore masa. Ana rawa da fuskokin da aka sassaƙa da itacen sida, ana rera waƙoƙin zuriya. Baƙon ido zai ce almubazzaranci ne, kuma haka 'yan mishan da jami'an gwamnati suka ce. Amma kyautar nan ladan shaida ce. Duk wanda ya karɓi bargo ya ɗauki nauyin tuna abin da aka yi a gabansa: wane ne ya gaji sunan wane, wane gida ke da ikon kamun kifi a wane rafi, wace waƙa ce ta wace zuriya. Ga mutanen da ba su ajiye haƙƙinsu a takarda, taron nan shi ne kotu, shi ne kuma ofishin rajistar filaye.

A 1884 gwamnatin Kanada ta haramta shi. Mutane suka ci gaba da yi a ɓoye. A watan Disamba na 1921 wani shugaba na mutanen Kwakwaka'wakw, Dan Cranmer, ya kira babban potlatch a wani tsibiri da ke nesa da idon hukuma. Labari ya kai kunnen jami'in gwamnati, William Halliday. Aka kama mutum 45 da laifin rawa da jawabi da bayar da kyauta da karɓarta. Aka ce wanda garinsu ya yarda ya miƙa kayan rawarsa za a ɗage masa ɗauri. Wasu suka miƙa, kimanin ashirin kuma aka tura su kurkuku. Halliday ya jera fuskokin a zauren coci a garin Alert Bay, ya sayar da wasu ga wani Ba'amurke mai tara kayan tarihi, George Heye, sauran aka yi da su gidajen tarihi na Ottawa da Toronto. Sai a 1951 aka cire haramcin daga doka, kayan kuwa suka ci gaba da zama a hannun baƙi. Mutanen ba su gaji da bin sawu ba, har aka fara dawo musu da su, suka gina gidan ajiya a Alert Bay a 1980 suka sa masa suna U'mista. A yarensu, idan mahara suka kama mutum suka tafi da shi, sannan ya samu dawowa gida, shi ne ake cewa ya yi u'mista. Fuskokin suna jere a zauren ba tare da gilashi ya rufe su ba, domin masu su sun ce kullen da suka sha ya isa. A gefen wannan gida kuma a da akwai ginin makarantar kwana ta St. Michael, wanda aka rushe a 2015 a gaban tsofaffin ɗalibanta.

To, malamin da ya shiga aji ya nuna hoton fuskar katako ya ce wannan rawar gargajiya ce ta mutanen teku, ya wuce babi na gaba, me ya koyar? Ya bar doka, ya bar gado, ya bar kurkuku, ya ɗauko rawa kaɗai. Irin aikin da Halliday ya yi a zauren coci ke nan, jera kaya a yi kallo.

A ranar 11 ga Yuni 2008 firayim minista Stephen Harper ya nemi gafara a gaban majalisa. Aka kafa Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda alƙali Murray Sinclair, ɗan ƙabilar Anishinaabe, ya shugabanta. Ta saurari shaidu fiye da 6,500, ta tabbatar da mutuwar yara sama da 3,200, a 2015 kuma ta fitar da buƙatu 94. Ta 62 ta nemi a sa tarihin makarantun kwana, da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da 'yan asalin ƙasa, da gudummawarsu ga ƙasar, su zama karatun dole tun daga rabin aji har ajin ƙarshe na sakandare. Yankin Arewa maso Yamma da Nunavut sun riga kowa, tun 2012 suka tilasta darasin makarantun kwana a aji 10. Wasu lardunan suka yi ta jan ƙafa. A Ontariyo, a 2018, sabuwar gwamnati ta soke zaman rubuta manhaja ana saura kwanaki a fara, bayan an riga an gayyaci dattawa da malamai.

Birtish Kolombiya tana da darussan tun kafin wannan. Akwai na tarihin al'ummomin farko na lardin, akwai na Ingilishi wanda duk littattafansa 'yan asalin ƙasa ne suka rubuta, akwai na harsunansu. Sai dai na ganin dama ne, kuma da ma'aikatar ilimi ta duba sai ta ga kusan kashi 5 cikin 100 na ɗalibai kaɗai ke ɗauka. A watan Maris 2022 aka sanar cewa daga shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 kowane ɗalibi sai ya ci kwas guda cikakke a wannan fanni, kiredit 4 daga cikin 80 da ake nema, kafin a ba shi takarda. Ba a ƙara yawan kiredit ɗin ba. Yaro na iya cika sharaɗin da darasin Ingilishin da dama dole ne ya yi, idan ya zaɓi na marubuta 'yan ƙasa.

Ni ina goyon bayan wannan tilas ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya riƙe alli ya san ɗalibi ba ya auna darasi da daɗin bakin malami, da jarrabawa yake auna shi. Darasin da ba ya cikin takardar sakamako shi ake ba awa ta ƙarshe ranar Juma'a, shi ake cinyewa idan malamin lissafi yana son ƙarin lokaci, shi ake miƙa wa malamin da ba a san inda za a kai shi ba. Yara suna gani, kuma suna fahimtar abin da ake gaya musu ba da baki ba. Sannan ku lura, tilas ɗin ya hau kan kowa, ɗan Bature da ɗan Sin da ɗan Indiya da ɗan Afirka da iyayensa suka sauka jiya. 'Yan asalin ƙasa kusan kashi 5 cikin 100 ne na mutanen Kanada, kimanin miliyan 1.8 a ƙidayar 2021. Alƙalin gobe da ɗan sandan gobe da nas ɗin gobe akasarinsu daga sauran kashi 95 za su fito, kuma a hannunsu ɗan ƙasa zai faɗa ranar da ya shiga kotu ko asibiti.

Na ambaci alƙali da gangan. A 1984 shugabannin Gitxsan da Wet'suwet'en suka shigar da ƙara suna neman a tabbatar musu da ƙasarsu, faɗin murabba'in kilomita 58,000. Yawancin ƙasar lardin ba a taɓa ƙulla wata yarjejeniya a kanta ba, an dai zo an zauna. Shari'ar ta yi suna da Delgamuukw. Da aka ce su kawo hujja, sai suka kawo abin da suke da shi, wato tarihin baka na gidajensu, wanda Gitxsan ke kira adaawk, mai ɗauke da sunayen iyakoki da duwatsu da rafuka, wanda aka maimaita a gaban shaidu tsara bayan tsara. Wata dattijuwa, Mary Johnson, ta tashi ta rera waƙar gidansu a matsayin shaida. Alƙali Allan McEachern ya nuna ba ya so, ya ce kunnensa ba na jin waƙa ba ne. A 1991 ya kori ƙarar, bai ba tarihin bakan wani nauyi ba. Sai a watan Disamba 1997 Kotun Ƙolin Kanada ta ce ya yi kuskure, tarihin baka hujja ce da za a ajiye kafaɗa da kafaɗa da takardun tarihi.

Wannan alƙali ya yi karatu mai zurfi, ba jahili ba ne. Makarantun da ya bi ne ba su taɓa gaya masa cewa waƙa na iya zama takardar fili ba. Mu da muka san yadda maroƙin fada ke jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe, muka san yadda ake kiran dattijon unguwa ya nuna iyakar gona, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba.

Yanzu ga sharaɗin tsohon nan. Darussan lardin ba ma'aikatar ilimi kaɗai ta zauna ta rubuta su ba. An yi su ne tare da kwamitin ilimi na al'ummomin farko, FNESC, wanda su da kansu suka kafa a 1992. Cikin ƙa'idojin koyo da dattawa da malamansu suka shimfiɗa akwai wadda ta fi tsaya mini a rai, cewa wani ilimin yana da masu shi, ba a bayar da shi sai da izini, kuma sai a wurin da ya dace. Wannan ya saɓa wa tarbiyyar boko, inda muke ganin duk abin da ka samu a littafi ko a intanet naka ne ka koyar. A wurinsu waƙa dukiyar gida ce kamar gona. Malami ba zai sauko da ita daga YouTube ya sa yara su rera ba. Sai ya je ya yi sallama, ya nemi mai ita, ya karɓi abin da aka ba shi, ya haƙura da abin da aka hana shi.

Kuma ba al'ada ɗaya ba ce. A lardin kaɗai akwai al'ummomin farko fiye da 200 da harsuna sama da 30. Haida na tsibirai da Secwepemc na cikin ƙasa sun bambanta kamar yadda Babarbare ya bambanta da Bayarabe. Shi ya sa aka buɗe ƙofa ga kowace gunduma ta tsara nata kwas tare da al'ummar da makarantar ke zaune a kan ƙasarta. Yaron bakin teku ya koyi yadda ake ɓare ɓawon sida ta gefe ɗaya kawai don itacen ya rayu, da yadda kakanni suka gina katangun duwatsu a gaɓa don kiwon ƙumba, da dalilin da ya sa ake girmama kifin salmon na farko da aka kama a shekara. A nan kimiyyar halittu da tarihi da tarbiyya duk sun haɗu a darasi guda.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Malamai da yawa ba a koya musu wannan ba lokacin da suke ɗalibai, suna tsoron kuskure, wasu su yi ta kewaye-kewaye. Masu jin harsunan sosai sun yi kaɗan kuma sun tsufa. Akwai kuma wani nauyi da ke faɗa wa yaro ɗan ƙasa guda ɗaya da ke cikin aji: duk lokacin da aka ambaci makarantar kwana sai idanu su juyo kansa, alhali watakila kakarsa ba ta taɓa iya buɗe baki ta ba shi labarin ba. Wani haɗarin shi ne darasin ya zama makoki zalla, yara su fita suna ganin mutanen nan abin tausayi ne kawai. Littattafai irin Indian Horse na Richard Wagamese da Monkey Beach na Eden Robinson suna taimakawa a nan, domin a cikinsu ɗalibi na haɗuwa da mutum mai dariya da fushi da wasa da soyayya, kamar kowa. Da hukumar makarantun Toronto ta yanke a 2023 cewa Ingilishin aji 11 zai koma na marubuta 'yan ƙasa, wasu sun yi ta kukan an kori Shakespeare, alhali shekara ɗaya ce cikin huɗu.

Na san tambayar da ke zuciyar wasunku, domin ni ma ta zo mini: addini fa? A can ma an yi ta. A 2015, a wata firamare a garin Port Alberni, wata dattijuwa ta nuna wa yara yadda suke turara hayaƙin wani ganye don tsarkake wuri. Wata uwa Kirista ta kai ƙara cewa an sa 'ya'yanta cikin ibadar da ba tasu ba. Kotu ta yanke a 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2022, cewa yaran kallo suka yi don su sani, ba a tilasta musu shiga ba. Ina ganin damuwar uwar nan ba abin raini ba ce, kuma iyakar da kotu ta ja ita ce daidai. A sanar da iyaye tun da wuri, a bar yaro ya gani ya sani, kada a ce ya yi. Malamanmu na addini sun daɗe suna karantar da al'adun Larabawa na jahiliyya don a fahimci Alƙur'ani da tarihi, ba wanda ya ce sun koma jahiliyya.

Bari in dawo gida. Lokacin da nake sakandaren kwana akwai dokar hana banakula. Monita na da ɗan littafi a aljihu. Wata rana da safe na ce wa abokina ya miƙo mini guga, da Hausa, sai na ji an kira sunana. Da yamma aka ba ni lauje aka nuna mini ciyawar bayan ɗakin cin abinci. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi lakwal sun san sambol da ake rataya wa yaro idan ya yi yarensu. Abin ya yi mini ciwo, amma ba zan haɗa shi da abin da ya faru a Kanada ba. Ni hutu na yi na koma gida na tarar da Hausa a kasuwa, a rediyo, a masallaci. Ba wanda ya binne ƙanena a bayan makaranta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan muka ji labarin nan, zuciyarmu takan tsaya a gefen waɗanda aka zalunta, amma a ƙasarmu Hausa ce babban kogi da ƙananan rafuka ke ɓacewa a cikinsa. Auyokawa da Teshenawa na ƙasar Haɗeja suna da harshensu, Shirawa na ƙasar Katagum suna da nasu, Ajawa na ƙasar Bauchi suna da nasu. Duk sun shuɗe. Ba a yi wannan da kurkuku ba, kasuwa da aure da zaman tare ne suka yi aikin, amma abin da ya tafi ya tafi. Yau a Bauchi da Gombe da Filato da kudancin Kaduna akwai gidajen da kaka ke magana da yare, jika na amsawa da Hausa. Yaran nan suna cikin azuzuwanmu. Abin da muke ba su shi ne ranar al'adu sau ɗaya a shekara: a ɗaura warki, a ɗauki ƙwarya, a yi rawa gaban babban baƙo, a ɗauki hoto, gobe a koma karatun gaske.

Ba sai mun jira sabuwar manhaja daga Abuja ko Yamai ba kafin mu motsa. Malamin Hausa ko na tarihi yana da makin aikin zango a hannunsa. Ya ware wani kaso daga ciki, ya tura kowane ɗalibi wurin dattijon gidansu da waya, ko da ta aro ce. Yaro ya durƙusa ya gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi izini kafin ya danna ɗauka. Ya tambayi sunayen gonaki da fadamu da tsofaffin rijiyoyi da ma'anarsu, da yadda ake gane damina ta kusa, da kirarin gidansu, da yadda ake kiran hatsi da itatuwa da yaren kakanni idan akwai shi. Abin da tsohon ya ce kada a kai makaranta, a bar masa abinsa. Abin da ya yarda a kai, a rubuta sunansa a kai a matsayin mai shi, a ba yaron maki na gaske da zai shiga sakamakonsa. Idan aka gayyato dattijon ya zo aji, a aika a ɗauko shi, a ba shi kujerar malami, a kuma sallame shi da abin da ake sallamar malami.

Shugaban zama, a nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi.